Don Williams, Mawaƙin da Bai Ɗaga Murya Ba

Masu kallo, assalamu alaikum. A cikin mawaƙan karkarar Amurka, masu salon da ake kira kantiri, da wuya a sami wanda ya shiga zukatan mutanen Afirka kamar Don Williams, kuma dalilin hakan yana cikin yadda yake rera waƙarsa.

An haife shi ranar 27 ga Mayu, 1939, a ƙaramin garin Floydada da ke jihar Texas, kuma mahaifiyarsa ce ta fara ɗora masa hannu a kan jita. Bayan ya yi aikin soja, sai a 1964 shi da abokansa biyu suka kafa ƙungiyar Pozo-Seco Singers. Da ƙungiyar ta watse, ya koma aiki a shagon kayan ɗaki na surukinsa, kamar ya yi sallama da waƙa ke nan.

Daga baya ya nufi Nashville, cibiyar wannan kiɗa, inda wani mai shirya faifai, Jack Clement, ya ɗauke shi aikin rubuta waƙoƙi. A wancan zamani kamfanoni suna cika faifai da tarin kayan kiɗa da 'yan amshi, amma shi da mai tsara masa faifai, Allen Reynolds, suka bi wata hanya dabam: suka rage kayan kiɗan, suka sassauta ganga, suka bar muryarsa mai kauri tana tafiya a hankali yadda kowace kalma za ta fita tsaf. Faifansa na farko ya fito a 1973, kuma daga 1974 zuwa gaba waƙoƙinsa 17 sun hau matsayi na ɗaya a jadawalin kantiri. A 1978 aka zaɓe shi gwarzon mawaƙin kantiri namiji na shekara.

Wanda ya kalle shi a dandamali zai ga dogon mutum mai gemu, sanye da tsohuwar malafa da ta sha rana, zaune a kan kujera da jitarsa, ko motsin kirki ba ya yi. Saboda wannan natsuwa aka yi masa laƙabi da ƙato mai sanyin hali. A ganina, wannan ce ta sa direbobin manyan motoci da ma'aikata a Najeriya, Ghana da Kenya suka riƙe kaset ɗinsa, domin ko mai ƙaramin Turanci yana iya bin abin da yake faɗa, ga shi kuma zancensa bai wuce soyayya ta aure, riƙon amana da haƙuri ba. A 1997 ya zo Harare ta Zimbabwe da kansa ya yi wasa.

A 2010 aka saka shi cikin zauren karrama manyan mawaƙan kantiri, ya ajiye waƙa a 2016. Ya mutu ranar 8 ga Satumba, 2017, a birnin Mobile na jihar Alabama sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 78, ya bar matar da ya aura tun 1960 da 'ya'ya maza biyu.