Larabar Toka a Yamai: ga abin da ke goshina

Jama'a barkanmu da warhaka, ɗan Kaduna ne dai naku daga nan Yamai. Bari in matso da wayar ku gani da kyau, wannan baƙin da ke goshina ba datti ba ne, toka ce. Yanzun nan na fito daga babban cocin Katolika na garin nan, Notre-Dame du Perpétuel Secours, yau Laraba 18 ga Fabrairu 2026, ranar da muke shiga azumi. Mu a gida Lent muke cewa, nan kuwa karem za ka ji a bakin kowa saboda Faransanci.

Tokar nan ba ta murhu ba ce fa. Ganyen dabinon da muka riƙe bara ranar Lahadin Dabino, shi ake tarawa a ƙona, fada, wato limamin coci, ya sa mata albarka, ya dangwala da babban yatsa ya zana maka gicciye yana cewa ka tuna kai ƙura ne kuma ga ƙura za ka koma. Da Faransanci ya faɗa min, ni kuma Faransancina na cefane ne kawai, amma wallahi sai da jikina ya yi sanyi, don a layin nan gabana wani dattijo ne da babbar riga ta shadda, bayana yarinya 'yar makaranta da silifas, duk toka ɗaya aka shafa mana babu wanda aka tambaya waye ubansa.

Azumin kwana 40 ne, koyi da Yesu da ya yi kwana 40 a jeji ba ci. In ka ƙirga daga yau zuwa jajibirin Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, za ka samu 46, to ranakun Lahadi shida ba sa cikin lissafi, shi ya sa. Ista bana 5 ga Afrilu. Daga yau fada shunayyar riga zai riƙa sawa, kuma ba za a ƙara rera Halleluya a coci ba sai daren Ista.

Da safe kafin in fita, Innar gidan da nake haya, mutuniyar Tawa ce, take tambayata ko mu ma za mu ɗauki azumi tunda bana namu da Ramadan kusan tare suka kama. Ta ce "ɗana, ku ma ba ku shan ruwa har faɗuwar rana?" Na ce a'a Inna, namu da bambanci. A dokar Katolika yau da Juma'a Mai Tsarki, ranar tunawa da gicciye Yesu, su ne azumin dole, ga mai shekara 18 zuwa 59, cikakken abinci sau ɗaya sai ɗan abin taɓawa sau biyu wanda bai kai cikakke ba, ruwa kuwa ana sha. Nama kuma daga shekara 14 ba a ci yau da kowace Juma'a. Ta yi shiru ta ce to ai naku da sauƙi. Ban yi musu ba, ganin yadda suke wuni da ƙishi ga zafi ya fara leƙowa, na san ba wasa ba ne. Ta ma ce yau dambu da zogale za ta aiko min tunda ba nama, dafaffen zogalen shi ne kopto a bakin Zabarmawa.

Amma sauƙin nan a ciki kawai yake. Abu uku aka karanta mana daga Linjilar Matiyu sura 6, addu'a da azumi da sadaka, kuma duk a ɓoye, kar ka ɓata fuska don mutane su san kana azumi. Ni barin kilishi ba zai kashe ni ba, kifin kogin Kwara na nan. Abin da ya tsaya min a rai shi ne tuba. Shekara biyu ke nan ba na magana da yayana saboda gonar babanmu, ya kira ni sau uku ina kallon wayar tana ƙara har ta katse, kuma duk Lahadi ina zuwa coci ina roƙon a gafarta mini kamar yadda nake gafarta wa wasu. Da yatsan fada ya taɓa goshina fuskar Yaya ce ta faɗo min, da babanmu da muka binne da hannunmu mu biyu.

Jibi Juma'a akwai Hanyar Gicciye, addu'ar tunawa da wahalar Yesu, zango 14 ne ana durƙuso ana tashi, zan ɗauko muku in an bar ni. Kafin nan ina so in je in furta zunubaina gaban fada. Yanzu dai bari in tsaya shagon can in sa kati, Yaya yakan tashi daga aiki ƙarfe huɗu, lambarsa na nan ban goge ba.