Jawabin Maraba Ga Mai Girma Minista a Ranar Aza Tubalin Sabuwar Tashar Tura Ruwan Ƙazanta a Maraɗi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Minista, mai girma Gwamnan Jihar Maraɗi, wakilin Mai Martaba Sarkin Katsinan Maraɗi, shugabannin birni, malamai da limamai, masu unguwanni, iyayenmu mata, samari da ƴan mata, barkanku da hantsi.

Ranka shi daɗe, a madadin kwamitin tsafta na wannan unguwa ina yi maka maraba lale. Sannu da hanya. Tafiyar Yamai zuwa Maraɗi ta haura kilomita 600, kuma ba bikin sarauta ya kawo ka ba, ka taho ne ka tsaya bakin ramin da mu kanmu muke toshe hanci in mun zo giftawa. Wannan kaɗai ya isa a gode maka.

Maraɗi ta san ruwa. Kakanninmu Katsinawa a fadamar Gulbi suka kafa garin, kuma can ya zauna har ambaliyar 1945 ta rusa gidaje, aka tashi aka hau tudu. Sai dai ruwa bai bi mu tudun ba. Duk abin da aka zubar a sama, na wanka, na wanki, na mahauta, na masu rini, gangara yake bi ya taru inda ƙasa ta kwanta, wato nan wajenmu. Aikin tsohuwar tashar nan shi ne ta karɓe shi a rijiyarta, in ya kai wani mataki injin ya tashi ya tura shi ta bututu zuwa nesa da gidaje.

Ba mu raina ta ba. Ta girmi yawancin samarin da ke tsaye a nan, kuma ta yi aiki. Amma an gina ta ne don garin da bai kai rabin na yau ba, kuma tsufa ya kama ta ta ko'ina. Yashin da ruwa ke kwasowa daga tituna ya cinye fankar injin. Leda da tsumma suna naɗe ta har ta tsaya. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi daga rijiyar ta zaizaye siminti, ta ci ƙarafa, kuma ita ce ke sumar da mutum in ya shiga ramin ba da kariya ba. Da idona na ga an fito da wani yaro mai yasar rijiyar a sume. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma tun ranar ban ƙara kallon aikin nan a matsayin ƙaramin abu ba. Kayan gyara kuwa an daina ƙera irinsu. Makanikanmu sun sha zuwa Katsina da Kano neman ƙarfe ɗaya, in ba su samu ba su dawo su yi dabara. In wuta ta ɗauke cikin dare ana ruwa, shi ke nan, kafin asuba ya koma tsakar gidaje.

Abin da ke biyo baya iyayenmu mata sun fi kowa saninsa. Sauro, sai masassara, sai layi a likita. Ba mu manta da amai da gudawar da ta ɓulla a Madarunfa a 2018 ta bazu a jihar nan ba, kuma damanar 2024 ta bar mana zaman makoki a cikin birnin nan. Ruwan da ya kuɓuce mana kuma Gulbi yake nufa, inda masu lambu ke noman salati da tumatur da muke saye a kasuwa.

Saboda haka da injiniyoyi suka zaunar da mu suka yi mana bayanin sabuwar tasha, mun ji daɗi. Inji biyu da za su riƙa karɓa-karɓa, ɗaya na aiki ɗaya na hutawa. Ragar ƙarfe da za ta tare leda, da ramin da yashi zai kwanta kafin ruwa ya isa injin. Injin wuta na ko-ta-kwana. Madalla.

Ranka shi daɗe, ga roƙonmu, kuma shi ne ainihin abin da aka aiko ni in faɗa. Sabon inji ma tsoho zai zama. Muna so tun yau, kafin a zuba siminti, a rubuta kuɗin kula da sabuwar tashar cikin kasafin kowace shekara: na gazuwal, na mai, na kwashe yashi kafin damana. Muna so a koya wa samarinmu gyaranta tun lokacin da ake haɗa ta, a bar musu kayan canji a ɗakin ajiya, kada ƙaramar matsala ta jira mutum daga Yamai. Masu shiga rijiyar a ba su abin rufe fuska, da igiya, da na'urar auna iska, kuma kada a bar mutum ya shiga shi kaɗai. Sannan kada a kashe tsohuwar sai an gwada sabuwar an ga ta ɗauki nauyin, musamman in aikin ya tarar da watan Agusta.

Mu ma da laifinmu. Ledar da ke shaƙe injin ba daga sama ta faɗo ba, daga hannunmu ta fito. Masu unguwanni da limamai sun ɗauki alkawarin faɗakarwa a masallatai da wuraren suna, kwamitinmu kuma zai ci gaba da aikin gayya na yashe magudanan ruwa kowane wata. Ka tambaye mu a kai duk ranar da ka dawo.

Bayan an aza tubalin, muna roƙon ka taka kaɗan ka leƙa tsohuwar rijiyar da kanka. Mai gadinta yana can yana jira, shi ya fi kowa sanin ciwonta. Daga nan mata sun tanadi fura da ruwan sanyi a rumfa.

Allah ya sa albarka a aikin, ya tsare ma'aikatan, ya maida ku gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.