Gwajin da ke Nuna Ko Ƙwayar HIV Tana Jin Magani

Mutum zai iya kamuwa da ƙwayar HIV wadda ba ta jin wani magani, alhali bai taɓa shan maganin ba. A haka ta shigo jikinsa daga wanda ya ɗauka a wurinsa.

Ƙwayar tana hayayyafa da sauri, kuma tana yawan yin kuskure wajen kwafar kanta. Wani kuskuren sai ya zame mata sulke. Kuskuren da ake kira K103N yana hana magungunan HIV efavirenz da nevirapine aiki, wanda ake kira M184V kuma maganin lamivudine yake karya wa lago.

To, yaya ake ganowa? Ana ɗibar jini a kwalba mai murfi ruwan shunayya, a ware ruwan jinin cikin awa 6, a daskarar da shi. Idan ɗakin gwajin yana da nisa, sai a ɗiga jinin a kan takarda ta musamman, a busar, a aika. A can ake karanta sassan ƙwayar da magunguna ke kai wa hari. Sakamako kan ɗauki mako 1 zuwa 2, wani lokaci fiye.

Sai dai gwajin yana da iyakarsa. Idan ƙwayoyin da ke cikin mililita ɗaya na jini ba su kai 500 zuwa 1,000 ba, sau da yawa ba ya karantuwa. Kuma idan ƙwayoyin da ke bijire wa magani ba su kai kusan kashi 20 cikin 100 ba, suna iya ɓuya. Saboda haka sakamako mai kyau ba ya nufin babu su kwata-kwata.

A Amurka ana ba da shawarar a yi gwajin ga duk wanda aka gano yana da cutar. A Najeriya da Nijar ba kowa ake yi wa ba, domin yana da tsada, kuma tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita farawa da maganin dolutegravir, wanda ƙwayar ke shan wuyar bijire masa. Shi ne a cikin TLD, haɗin magungunan HIV uku da ake sha sau ɗaya a rana.

Ko an ɗebi jinin, ba a zaman jiran sakamako, a fara magani, in ya fito a gyara. Amma ku gaya wa likita idan kun taɓa shan maganin HIV kuka daina, ko an ba ku lokacin goyon ciki, ko kun yi amfani da PrEP, wato maganin kariya daga kamuwa da HIV, musamman allurar cabotegravir, domin danginsu ɗaya da dolutegravir.