Amsoshin Tambayoyinku: Littafin da na rubuta ina bakin aiki, nawa ne ko na makaranta?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta yau daga wata malama ce a Zariya. Ta ce shekara 6 tana koyar da Hausa a wata makarantar kuɗi, har darussan da ta rubuta suka tasar ma littafi. Yanzu mai makarantar ya buga shi yana sayar wa iyayen yara, ko sunanta babu a bango, wai ai da albashinsa ta rubuta. Shi ne take tambaya, littafin nan na wa ne?

To Malama, da a Ingila ko Amurka kike, da maganarsa ta yi ƙarfi, domin a can abin da ma'aikaci ya rubuta a matsayin aikinsa na wanda ya ɗauke shi ne. Najeriya ba haka ta tsara ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce tun farko haƙƙin na marubuci ne, sai fa in an yi yarjejeniya a kan akasin haka. Albashi kaɗai ba ya sayen littafi.

Saboda haka ki lalubo takardar ɗaukarki aiki, ki karanta ta layi-layi. In akwai inda kika sa hannu cewa duk abin da kika rubuta na makaranta ne, to bugawa da sayarwa sun koma hannunsa. In babu, naki ne, kuma dokar ba ta yarda a mallaka wa wani wannan haƙƙi da fatar baki ba, sai a rubuce.

Malaman gwamnati su lura, nasu daban ne: abin da aka rubuta bisa umarnin gwamnati ko kulawarta, na gwamnati ne.

Abin da ya fi sosa min rai shi ne cire sunanki. Ko da kin sayar da littafin kacokan, haƙƙin a ambace ki a matsayin marubuciya yana nan, ba ya komawa kan kowa muddin kina raye.

Ki adana rubutunki na hannu da abin da ke cikin kwamfuta, ki sayi kwafi ɗaya na wanda ya buga, sannan ki ga lauya ko ki kai kuka Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. Allah Ya fid da ke, Malama.