Sarƙa Ko Tsokar Nama: Yadda Horon Karnukan Gasa Ya Sauya

Masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Filin da kuke gani a gabanku na gasar karnukan aiki ne, wadda aka fara a ƙasar Jamus a shekarar 1901 da sunan Schutzhund, wato kare mai ba da kariya, kuma tun daga 2019 ake kiranta IGP. Max von Stephanitz, tsohon hafsan sojan doki da ya kafa ƙungiyar masu kiwon karen makiyayan Jamus a 1899, shi ne ya nace cewa kyan siffa bai isa ba, sai kare ya nuna aikinsa kafin a bar shi ya hayayyafa. Jarrabawar kashi uku ce, bin sawu da biyayya da kariya, kowanne maki 100, kuma karen da ya gaza samun 70 a kashi ɗaya ya faɗi.

Bari mu ɗauki aiki guda domin mu ga inda tsofaffin masu horo suka sha bamban da na yanzu. A kashin biyayya na mataki na uku, wato matakin gasar mafi girma, ana jefa wa kare wani katako mai nauyin kilo 2, ya ruga ya ɗauko, ya zauna a gaban ubangidansa yana riƙe da shi cak, ba tauna ba wasa, har sai an ce ya saki. A tsohon salo mai horo yakan kama kunnen kare ya matse, sai zafi ya sa kare ya buɗe baki, a cusa masa katakon, nan take kuma a sakar masa kunnen. Bayan 'yan kwanaki kare ya gane cewa katako a baki shi ne maganin zafi, don haka ba ya yarda ya yar da shi ko ana ha-maza-ha-mata.

Kada a ɗauka jahilci ne ya haifar da wannan salo. Konrad Most, jami'in 'yan sandan Jamus da ya wallafa littafinsa na horon karnuka a 1910, ya san sarai cewa kare yana haɗa aiki da sakamakon da ya biyo shi nan take, sai dai tilastawa ce ginshiƙin tsarinsa. William Koehler a Amurka, wanda littafinsa ya fito a 1962, ya yaɗa amfani da sarƙar wuya mai zarge, wadda ake fizga da zarar kare ya kauce. Abin da ya ƙara wa salon ƙarfi shi ne imanin cewa dole mutum ya danne kare kamar yadda shugaban garken kerkeci ke danne na ƙasa da shi. Wannan ra'ayi ya samo tushe daga nazarin da Rudolf Schenkel ya buga a 1947 kan kerkecin da aka tsare a gidan namun daji na birnin Basel a ƙasar Suwizalan, amma David Mech ya nuna a 1999 cewa a daji garken iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu.

Sabon salon ya faro ne daga binciken B. F. Skinner, masanin halayya ɗan Amurka, kan yadda lada ke ƙarfafa hali, kuma Karen Pryor, wadda ta horar da dabbar ruwan nan dolfin a Hawai, tana cikin waɗanda suka kai shi ga masu karnuka. Dabbar da ke cikin ruwa ba a iya sa mata sarƙa, ko an ƙi ko an so sai an lallashe ta. Ku dubi hannun wannan matar. Tana riƙe da 'yar na'ura mai yin ƙwas idan an latsa, a aljihunta kuma akwai guntattakin nama. Kwikwiyo ya kalli katako, ta latsa, ta ba shi tsoka. Ya taɓa shi da hanci, ta sake latsawa. Daga nan ba za ta latsa ba sai ya sa haƙori, sannan sai ya ɗaga, sannan sai ya riƙe na ɗan lokaci. Ƙarar ita ce ke shaida masa ainihin motsin da ya ci ladan.

A ganina tausayi kaɗai bai isa ya bayyana rinjayen wannan salo ba, takardar alƙali ma ta taka rawa. Ƙa'idojin gasar suna neman kare ya yi aiki da ɗoki da walwala, kuma ana rage wa wanda ya nuna alamar takura maki. Karen da aka matse wa kunne yana iya yin komai daidai, amma da jela a tsakanin ƙafafu da kunnuwa a kwance, alhali wanda ya saba ganin ƙwallo ta faɗo masa a matsayin lada daga hammatar ubangidansa yana tafiya manne da ƙafarsa ta hagu, kai a ɗage, ko harbin bindigar da ake yi lokacin gwajin ba ya sa shi waiwaye. Doka ita ma ta shigo. Wata babbar kotun tarayyar Jamus ta tabbatar da haramcin abin wuya mai jan lantarki a 2006, yankin Wales na Birtaniya ya hana shi a 2010, sannan daga farkon 2022 Jamus ta hana abin wuya mai tsini wajen horo, lamarin da ya sa 'yan sandan Berlin suka janye wasu karnukansu daga aiki na ɗan lokaci.

Duk da haka tsofaffin hannu suna da hujjar da ba a gama rusa ta ba, kuma a kashi na uku take. A nan wani mutum yakan sa wata kakkaurar rigar hannu ta algarara ya yi kamar mai laifi, kare ya afka masa ya kama hannun, sai ubangidan ya ba da umarni da Jamusanci, "Aus", wato saki. Idan aka faɗa sau uku bai saki ba, an kore shi daga gasar. Tsofaffin suna cewa karen da jininsa ya hau, musamman irin Malinois na Beljiyam, babu naman da ya kai masa cizon daɗi, saboda haka sai ya san cewa ƙin saki yana da sakamako. Ga shi kuma ba a shiga fili da nama ko ƙwallo ranar gasa. Shi ya sa da yawa daga cikin manyan 'yan gasa suke haɗa salon biyu, su koyar da lada, su gyara da jan igiya inda doka ta yarda.

Amsar masu sabon salo ita ce su mayar da cizon kansa lada. Tun kare yana kwikwiyo ake wasan ja da shi da tsumma. Mai horo yakan tsayar da hannunsa cik har tsumman ya zama kamar matacce, kwikwiyo ya gaji ya buɗe baki, a daidai lokacin a ce masa ya sake kamawa. Ana maimaita wannan wata da watanni, daga tsumma zuwa filon cizo, daga filon zuwa rigar hannu. Ku lura da karen da ke kan allo yanzu. An ce "Aus" sau ɗaya, ya saki, ya tsaya dab da mutumin yana kafe shi da ido, yana jiran motsin da zai ba shi izinin sake kamawa.