Wa zai biya kuɗi don ya kalli kura?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, a wajen wani ɗaurin aure a Unguwar Rimi, an shafa fatiha ana jiran abinci, sai wani bawan Allah da ya dawo hutu daga Kenya ya zaro waya yana nuna mana abin da ya gano. Ga zaki kwance a inuwar motarsu, ga giwaye sun tare hanya, ga tantin da ya kwana a ciki. Wani dattijo ya leƙa, ya kwashe da dariya, ya ce: "Alhaji, kai dai kuɗi ne suka yi maka yawa. Ka hau jirgi, ka canji dala, ka kwana a tanti, duk don ka kalli kura?" Wurin ya ɗauki dariya. Ni kuwa ta ƙi zuwa mini, kuma har yanzu da nake gaban wannan makirfo abin na ci mini rai.

Da farko dai, Baba, a yi mini afuwa, mu ma muna biyan kuɗi mu kalli kura. Sau nawa gardawa suka ja ta da sarƙa cikin kasuwa, an ɗaure mata baki, muka kewaye su muna jefa kuɗi? Ai daga nan aka samo kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bambancin kawai, mu tamu a ɗaure take, kuɗinta bai wuce na tuwon dare ba. Mutanen Kenya sun bar tasu a daji, suka sa duniya ta zo ta same ta, da dala a hannu.

Bari in faɗa muku yadda abin yake, don wasu na jin an ce tanti sai su tuna da rumfar biki. Ɗaki ne sosai, da gado da banɗaki da wutar sola, sai dai bangonsa tamfol ne, kuma sansanoni da yawa ba su da shinge. Idan dare ya yi ba ka fita kai kaɗai, sai mai gadi, galibi ɗan ƙabilar Masai, ya rako ka da tocila. Kana kwance kana jin kukan kura, kana jin dorina na kiwo a bayan tanti. Da asuba a tashe ka, ka yi sallah, ka sha shayi, ku shiga mota mai buɗaɗɗen rufi tun rana ba ta fito ba, domin da sanyin safiya namun daji ke yawo. Direban ya san sawu, ya san inda damisa ke rataye namanta a kan bishiya. Ba a sauka daga mota, ba a ihu, ba a jefa wa dabba abinci. Tsakanin watan Yuli da Oktoba kuma, garken wata dabba mai kama da ɓauna da masu Swahili ke kira nyumbu, sama da miliyan ɗaya, su taso daga Serengeti ta Tanzaniya su tsallaka kogin Mara, kadoji na jiransu a ruwa. Kalmar safari ma, da ake kiran irin wannan yawon kallon namun daji da ita, ba baƙuwarmu ba ce, daga Larabci ta fito, tushensu ɗaya da safarar da kakanninmu suka yi da jakuna.

To wa ke cin wannan kuɗi? Nan ne maganata take. A lokacin cinkoso, kuɗin shiga gandun Masai Mara na Kenya kaɗai dala 200 ne ga baƙo a rana ɗaya, ban da kwana, ban da mota. Ku buga lissafin da kanku a canjin yau. A kewayen gandun kuwa, makiyayan Masai da ke da filaye sun haɗa su sun ba masu sansanoni haya, ana biyan su duk wata, kuma ana tsara musu inda shanunsu za su yi kiwo. Ɗansu ne direba, ƙaninsu ne mai gadi, matansu ke saƙa duwatsun ado suna sayar wa baƙi. Makiyayin da zaki ke kawo wa kuɗi ƙarshen wata zai yi tunani sau biyu kafin ya sa masa guba, kuma baƙon fuska ba zai kwana uku a wannan daji da bindiga ba tare da labari ya kai inda ya kamata ba. Daji yana ciyar da maƙwabtansa, su kuma suna tsaronsa.

Yanzu mu dawo gida. Faɗin Masai Mara murabba'in kilomita 1,510 ne. Yankari ta jihar Bauchi 2,244 ce, wato ta fi ta girma nesa ba kusa ba, an keɓe ta tun 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962. Tana da giwaye, tana da ɓauna da gwanki, tana da ruwan Wikki mai ɗumi da ba ya sauyawa daga awo 31 rani da damina, ga birai masu ƙwace wa baƙo burodi a hannu. Amma ba sai mun je Bauchi ba. A nan jiharmu ta Kaduna, a ƙasar Birnin Gwari, akwai gandun Kamuku, murabba'in kilomita kusan 1,120, wanda aka keɓe tun 1936 kuma ya zama gandun ƙasa a 1999. Akwai ruwan Dogon Ruwa a ciki, akwai Goron Dutse. Ina tambaya, cikin masu saurarona mutum nawa ne suka taɓa jin sunan Kamuku a maganar hutu? Ba mu san shi ba sai a labaran ƙarfe bakwai, idan an ce an tare hanya an shiga daji da mutane.

Mun yi wa dajin dariya, mun ce ba abin da ke cikinsa sai kura. Babu sansani, babu baƙo, babu hanya mai kyau, babu yaron ƙauyen da yake samun ko sisi saboda giwa na raye. Mai yankan katako ya shiga, mai gawayi ya bi shi, mafarauci ya ƙarasa abin da ya rage. Da masu satar shanu suka zo neman maɓoya, sai suka tarar da daji ba mai shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu muka bar Kamuku, wasu suka tare a ciki, kuma kuɗin fansar da talakawan wannan jiha suka biya ba dala 200 ba ne.

Na san amsar da ke zuwa, na sha jin ta: ai sai an samu tsaro tukuna. Wannan magana ce ta wanda ba ya son a fara komai. Ku dubi Ruwanda. Bayan kisan ƙare dangi na 1994, mutane suka dawo da shanunsu suka cika gandun Akagera, zakuna suka ƙare ƙaf. Gwamnati ta yanke wani ɓangare ta ba jama'a, ta riƙe murabba'in kilomita 1,122. Ku riƙe wannan adadi, kusan daidai yake da Kamuku. A 2015 aka kawo zakuna 7 daga Afirka ta Kudu, a 2017 aka dawo da karkanda. Yau baƙi na kwana a can, kuma kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar gandayen ƙasar ana ware shi ga ƙauyukan da ke kewaye. Ƙasar da ta binne ɗaruruwan dubban mutane ta iya, mu ne za a ce sai mun jira?

Wani kuma zai ce mutane na fama da yunwa kana maganar giwa. Ai maganar yunwar nake yi! Mai dafa abinci a sansani ba giwa ba ce, mai wanki ba giwa ba ce, mai kawo tumatir da ƙwai ba giwa ba ce. Ko maƙwabtanmu na Nijar sun gane wannan. A yankin Kure, kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu zuwa 49 a 1996, aka tashi tsaye tare da manoman wurin, yanzu sun haura 600. Namu na Arewacin Najeriya fa? Sai a tatsuniya.

Ba zan yaudare ku ba, akwai inda nake da shakka. Dajinmu ya fi na Mara duhu, ciyawa ta fi tsayi, ganin dabba ya fi wuya, kuma ba mu da wancan garke na miliyan. A can ma ba aljanna ba ce: motoci kan yi wa damisa ɗaya zobe har ta kasa farauta, kuma a Loliyondo ta Tanzaniya an tashi makiyayan Masai da ƙarfi a 2022 da sunan kare daji. Wannan hanya ba ma son ta. Idan za a kori Bafulatani ko Bagwari daga inda kakansa ya zauna domin baƙo ya ɗauki hoto, an sake shuka wata fitinar ke nan. Kuma ba na tsammanin Bature zai sauka Birnin Gwari bana ko baɗi. Amma wa ya ce sai Bature? Alhajin nan da ya kai dalarsa Kenya, da akwai tanti mai tsabta da mai gadi amintacce a Yankari ko Kamuku, da ya kai iyalansa can a hutun Sallah. Makarantun Kaduna kaɗai sun isa su cika sansani.

A ƙarshen 2024 aka yi sulhu a Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar shanu, motoci suka dawo hanya. Alhamdu lillahi. To dajin fa? Gandun na gwamnatin tarayya ne, ƙasar ta jihar Kaduna ce, mutanen na masarautar Birnin Gwari ne. Ina so in ji daga bakin ɗayansu: ma'aikatan gandu nawa za a ɗauka daga ƙauyukan da ke bakin dajin, ina za a shata wa makiyayi burtali, kuma kashi nawa na abin da za a samu zai tsaya a hannun mutanen wurin? Idan aka sake rufe ido aka bar Kamuku ba kowa, masu son sa ba su yi nisa ba, sun san kowace hanya a cikinsa.