Wa Ke Sa wa Totur Ido a Motocin Zamani?

Malam Kabiru: Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Ina tare da Injiniya Hadiza, kuma yau za mu tattauna ne a kan motocin da toturinsu ke aiki da lantarki, da yadda ake sa ido a kan ƙarfin da injinsu ke fitarwa. Injiniya, a da waya ce ke haɗa abin taka totur da murfin da ke buɗe wa iska hanya. Da aka cire wayar, me ya maye gurbinta?

Injiniya Hadiza: Wa alaikumus salam, Malam. Yanzu idan direba ya taka totur, saƙo kawai yake aikawa zuwa kwamfutar mota, ita kuma sai ta umarci wani ƙaramin injin lantarki ya buɗe murfin gwargwadon abin da ta lissafa. Kamfanin BMW yana cikin na farko da suka sanya wannan tsari a motocinsu tun wajen ƙarshen shekarun 1980, kuma a yau da wuya a sami sabuwar motar fetur da ba ta da shi.

Malam Kabiru: Abin da ke damun mutane ke nan. Idan kwamfutar ta yi kuskure ta buɗe totur ba tare da an taka ba, wa zai tsayar da ita?

Injiniya Hadiza: Saboda wannan tambayar ne aka gina sa ido a matakai uku, tsarin da kamfanonin motoci na Jamus suka haɗu suka daidaita da sunan EGAS. Mataki na farko shi ne ainihin aikin sarrafa inji. Na biyu, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan al'amarin, yana lissafa iyakar ƙarfin juyi da ya halatta inji ya bayar bisa yadda aka taka totur da kuma saurin juyawar injin, sannan ya kwatanta shi da ƙarfin da injin yake bayarwa a wannan lokacin. Idan na zahiri ya zarce wanda aka halatta, kuma ya ɗore a haka na ɗan lokaci, to an sami matsala. Mataki na uku kuwa wani ƙaramin guntun lantarki ne mai zaman kansa, wanda ba ya daina jefa wa babbar kwamfutar tambayoyin lissafi, kuma da zarar amsa ta zo a karkace ko ta makara, yana da ikon katse wutar da ke motsa totur.

Malam Kabiru: Dakata, Injiniya. Shin akwai na'urar da ke auna wannan ƙarfin juyi kai tsaye a jikin injin?

Injiniya Hadiza: A yawancin motoci babu, kuma nan ne nake so masu gyara su natsu sosai. Kimanta shi ake yi daga yawan iskar da ta shiga, da saurin injin, da lokacin da fulogi ya ba da wuta, da yadda aka haɗa mai da iska. Saboda haka na'urar auna iska da ta yi datti, ko tiyon iska da ya tsage, na iya ɓata lissafin har mota ta rage wa kanta ƙarfi, alhali totur ɗin lafiyarsa lau. Haka kuma abin takawa da murfin iskar kowannensu yana da sensa biyu, wato na'urorin da ke gane matsayinsa, waɗanda dole saƙonsu ya yi daidai da juna. Idan suka saɓa, na'urar gwaji kan nuna lamba irin P2135 ko P2138, kuma sau da yawa laifin yana wurin soket mai tsatsa ko wayar da ta goge.

Malam Kabiru: To, idan aka gano saɓanin, me direba zai gani?

Injiniya Hadiza: Fitilar gargaɗi za ta kama, motar ta ƙi jan gudu. Idan aka katse wutar totur, sifirin zai mayar da murfin wani matsayi da ke barin iska kaɗan, daidai yadda za a lallaɓa a sauka daga kan titi. Yana ɓata mini rai ƙwarai in ga an goge lambar matsalar an miƙa wa mai mota makulli ba tare da an bincika dalili ba, domin rayukan mutane ne a cikin motar.

Malam Kabiru: Na tuna da ce-ce-ku-cen da aka yi a Amurka a 2009 da 2010, lokacin da Toyota ta janye miliyoyin motoci saboda ƙorafin gudu ba da niyya ba.

Injiniya Hadiza: Haka ne. Binciken da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi, wanda aka fitar a Fabrairun 2011, bai gano laifin lantarki da ya haddasa hakan ba, inda aka ɗora alhakin a kan shimfiɗar ƙasa da ke maƙale abin takawa da kuma abin takawa mai liƙewa. Duk da haka, a 2013 masu taya alƙali yanke hukunci a jihar Oklahoma sun sami kamfanin da laifi bayan sun saurari shaida a kan manhajar totur. Tun bayan wancan ce-ce-ku-ce na 2009 da 2010 ne kamfanoni da yawa suka ƙara dokar cewa idan aka taka birki da totur tare, birki ne ke rinjaye.

Malam Kabiru: Mun gode, Injiniya. A shiri na gaba za mu duba yadda ake gwada waɗannan sensoshi da mita. Masu sauraro, a huta lafiya.